Cukun da ya riga ni hawa jirgi

Na daɗe ina tuƙa jirgi mai saukar ungulu ba tare da ƙafata ta bar ƙasa ba. Ni mushe ne, wato malamin makaranta, ina koyar da labarin ƙasa a kwaleji a nan Dakoro, kuma a ɗan ɗakin da ke jikin zaurenmu nake ajiye wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da na sayo ta hannu a Maradi. Wani abokin karatuna ne ya zuba mini simulatar a cikinta, abin nan mai kwaikwayon tuƙin jirgi: ka zauna gaban allo, ka riƙe sandar tuƙi, ka ga ƙasa tana yin nisa da kai kamar gaske. Shi manyan jiragen fasinja yake so, masu sai sun yi gudu a kan titi kafin su ɗaga. Ni kuwa tun ranar farko masu saukar ungulu suka kwanta mini a rai, don su kaɗai ke iya tsayawa cak a iska su duba abin da ke ƙasa.

Guda uku nake da su. Akwai wani ɗan ƙarami mai kujera biyu, gabansa gilashi kamar ƙwai, mai rawar kai kamar ɗan akuya. Ko numfashi ka yi da ƙarfi sai ya karkace. Akwai wani ƙato na ɗaukar kaya, mai nauyin jiki, in ka juya shi yau sai gobe ya amsa, kamar babbar motar da aka cika da buhunan gero. Sai na tsakiya, fari, mai inji ɗaya, ba shi da tayoyi sai ƙarafa biyu da yake zama a kansu. Wannan shi ne nawa. Ba ya gardama, ba ya kuma yafe sakaci. Da shi na koyi tsayuwa a iska, bayan na farfasa shi sau ba adadi, har matata ta riƙa leƙowa daga tsakar gida tana cewa, "Malam, yau ma an mutu?"

Duk Asabar da la'asar, in akwai kuran, wato wutar lantarki, sai in tashi daga Maradi ta cikin allo in biyo hanya zuwa gida. Dakoro ta cikin allo ba ta da gida ko ɗaya, wani tabo ne ruwan ƙasa da zaren hanya ya ratsa. Duk da haka na san inda kwarin Tarka yake, nakan bi shi in yi yamma, ko in miƙe arewa wajen Bader Goula in sauka inda na ga dama. A garin nan kaf ban san wani da ya san sunan ko da maɓalli ɗaya na cikin jirgin ba, kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda nake nunawa.

Ina da taubashiya, ɗiyar kawuna, wadda ta girme ni da kaɗan. Ungozoma ce a gidan likita, mai faɗi a jiki da faɗi a murya, kuma tun muna yara ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai "bawana". Ita ce ta fi kowa yi mini dariyar jirgin. In ta shigo gaida matata ta tarar da ni a ɗakin, sai ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Bawana, in ka isa Makka ka sayo mini dabino." Ko amalanke ta hau sai ta yi salati, don haka ban taɓa ɗaukar maganarta da zafi ba.

Wata damina ruwa ya yi yawa, ya cika kwari, hanyar arewa ta yanke. Ni lokacin ina Maradi wajen gyaran takardun jarrabawa. Ina zaune cikin aji da jan alƙalami a hannu sai wayar matata ta shigo, ina jin hayaniya a bayanta.

"Malam, irin jirginka ya sauka filin balo, inda ake buga ƙwallo! Na gaske! Duk gari na can."

Na tambaye ta kalarsa, ta ce ƙura ba ta bari ta gani ba. Na tambaye ta tayoyi gare shi ko ƙarafa, ta ce ita ina ta sani. Sai ta ƙara da cewa, kamar abin da ba shi da muhimmanci, "Kuma da Yaya ya tashi."

Yaya take ce wa taubashiyar tawa. Ashe wasu ma'aikatan lafiya ne suka zo da shi za su kai magani wani ƙaramin gidan likita can gaba da Bader Goula, inda mota ta kasa isa, kuma suna neman ungozoma mai jin Fillanci. Aka duba aka ga ita ce. Na ajiye wayar na koma kan takardun, amma sai da na karanta amsar wani yaro har ƙarshe ban fahimci ko kalma ɗaya ba.

Da na dawo gida ko jakata ban kwance ba na nufi gidanta. Na same ta a kan tabarma tana tsinke zogale, maƙwabta mata sun kewaye ta. Tana ganina ta washe baki.

"Ga direban jirgi nan! Zo zauna, bawana, in ba ka labarin sama."

Ta miƙo mini wayarta. Hoto ɗaya tak ta ɗauka, shi ma rabinsa babban yatsanta ne. Amma a ɗaya rabin na ga ƙarfen da yake zama a kai, na ga yadda wutsiyar ta ɗaga, na ga farin fenti. Nawa ne. Cikin duk jiragen duniya, wanda na fi sani, wanda na san inda kowace allura take a gabansa, shi ya zo garinmu ina can ina ba yara maki, ya ɗauki matar da ke tsoron amalanke.

"A ina kika zauna?" na ce.

"Gaba, kusa da mai tuƙin. Sun ce a baya kaya sun cika."

Na tambaye ta mi matuƙin ya yi da hannun hagunsa lokacin da za su ɗaga. Ta ce agogo ne a hannun, mai kyau, baƙi. Na tambaye ta allurar da ke nuna nisa daga ƙasa, lamba nawa ta kai. Ta dube ni kamar na yi mata Sinanci.

"Wace allura? Ni idona rufe yake tun daga filin balo har muka sauka. Ayatul Kursiyyu nake ja, ban san sau nawa ba."

Matan suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Ta shiga ɗaki ta fito da cuku guda biyu naɗe a leda, wanda matan can suka ba ta, ta ɗora mini a cinya.

"Ungo tsarabarka. Ka ci da ladabi, cukun ga ya riga ka hawa jirgi."

Na kawo shi gida na ba yara. Ko ɗanɗanawa ban yi ba.

Abin ya zauna mini a ƙirji fiye da yadda ya kamata ga mutum mai iyali. Asabar ta zo na kunna ordinatar, na ga farin jirgin a tsaye yana jirana, sai na ji ba na son ganinsa, kamar abokin da ya je biki bai gaya maka ba. Na ɗauki ƙaton na kaya na yi ta jan sa a sama ba daɗi, na sauke shi da ƙarfi har ya kife. A makaranta kuma, da aka koma, ina cikin zana kwarin Tarka a allo wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, gaskiya ne innar su wance ta gan shi daga sama?" Na ce gaskiya ne, a buɗe littafi.

A wajen wani suna na dangi abin ya fi ci mini rai. An zauna ana cin tuwo, aka sa ta maimaita labarin daga bayan labule, maza na saurare daga waje. Ta ce fankar sama ita ke tura jirgin gaba, ƙaramar ta wutsiya kuma don ta ba injin iska ce kada ya yi zafi. Na kasa haƙuri. Na ɗaga murya na ce ba haka ba ne, ta wutsiya ita ke hana jirgin juyawa kamar dutsen niƙa. Kawuna, mahaifinta, ya juyo ya dube ni da tausayi.

"Kai ɗana, bari wadda ta hau ta faɗa."

Aka bar wadda ta hau ta faɗa. Na daina bi ta ƙofar gidanta in za ni makaranta, na riƙa zagayawa ta bayan kasuwa. Matata ta lura, ta ce mini wata rana tana tankaɗe, "Ita fa ba ta roƙa ba, aiki aka kai ta." Na ce ai na sani. Sanin ne ma ya fi ƙona ni. Da ta roƙa, da ta yi ɗoki, da na ce mun yi tarayya a so. Ita ko a jikinta.

Ita ce ta zo da kanta, wata Lahadi bayan azahar. Ta shigo ɗakin ba sallamar kirki, ta ja kujerar roba ta zauna kusa da ni har kujerar ta yi ƙara.

"An ce kana fushi da ni saboda jirgi. To tashe shi in gani. Wancan farin, ba wannan mai kama da akwatin gawa ba."

Na ɗauko farin. Na kunna inji, fanka ta fara juyawa, na ja shi sama a hankali, na tsayar da shi cak, tsayuwar da ban taɓa yin mai kyanta ba. Ina satar kallonta. Na sunkuyar da hancinsa muka fara tafiya.

"Haka ne!" ta ce, ta dafa kafaɗata. "Haka ya yi, kamar raƙumi in zai miƙe, ya tura ka gaba tukuna. Sai dai nan cikinka ba ya zama ƙasa ya bar ka. Kuma babu warin kananzir. Kuma haƙoranka ba su kaɗawa."

Na nufi Dakoro da mu. Da tabon ya bayyana na ce mata ga gida. Ta matso da fuska kusa da allo.

"Ina geron?"

Na ce babu gero a ciki.

"Ina tabkuna?"

Sai a lokacin ta gaya mini abin da ba ta faɗa a wajen suna ba. A dawowa sun ɗauko wata mata mai naƙuda da ta galabaita, don haka a baya ta zauna, tana riƙe da ledar ƙarin ruwa, ba halin rufe ido. Da suka kusa gari ta ɗaga kai sau ɗaya ta duba ta taga. Ta ce gero ya rufe ƙasa kore shar har inda ido ya tsaya, tabkuna na walƙiya a tsakani kamar an fasa madubi an watsar, shanu kamar an zubar da wake. Ta ce ta gane gidanta da jan zanen da ta shanya da safe ta manta ba ta ɗauke ba. Ba da tsokana ta faɗa ba, a hankali ta faɗa, tana kallon allon da babu komai a cikinsa. Na fi son tsokanar. Ita na san yadda ake rama ta.

Na tambaye ta labarin matar mai naƙuda, ta ce ta sauka lafiya, ɗiya mace. Sannan ta karɓi sandar ta ce ita ma za ta gwada. Kafin in gama yi mata bayani ta juya jirgin ya yi ta wulwulawa, ya daki ƙasa da wutsiya. Ta yi dariya har da hawaye, ni ma na yi, kuma ban ɓoye jin daɗina ba.

Daga ranar na koma bi ta ƙofar gidanta, amma ban koma wa farin jirgin kamar da ba. Ɗan ƙaramin mai rawar kai na kama, na yi ta fama da shi har ya fara jin magana. In abokin karatun nan nawa ya tambaye ni wanne na fi so yanzu, nakan ce ƙaramin, don shi ke koya wa hannu ladabi. Hakan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa kujera biyu gare shi, babu mai aiko shi ɗaukar ungozoma.

Da damina ta zagayo masu jirgin suka sake dawowa, suka sake nemanta. Wannan karon ina gari. Ta ce ta tambaye su ko akwai wuri ga wani ɗan'uwanta da ya san jirgi, suka yi murmushi suka ce kujerun a ƙirge suke. Ta ce in zo in raka ta ko filin ne. Na goya ta a motonta muka je. Jandarmomi suka tsayar da mu nesa tare da sauran jama'a, ita ta wuce da jakarta, tana tafe tana gyara ɗankwali kamar mai shiga motar kasuwa.

Ya fi yadda nake zato ƙanƙanta, ya kuma fi ƙara. Da fankar ta ɗauki gudu sai na ji bugunta a ƙashin ƙirjina, yashi ya watso mana a fuska, mutane suka juya baya suna kare ido. Ni ban juya ba. Na ga ya yi sauƙi a kan ƙarafansa, ya ɗaga, ya ɗan yi lilo, matuƙin ya gyara shi. Ta cikin gilashi na hango ta a gaba, idonta biyu a buɗe, tana ɗaga mini hannu da dukan ƙarfinta. Na ɗaga mata nawa, rabi.

Da ƙarar ta ɓace jama'a suka watse, aka bar ni da moton. Na buga ya ƙi tashi, na sake bugawa ya ƙi. Na buɗe tanki na leƙa, babu ko ɗigon mai. Haka na turo shi cikin rairayi tun daga filin balo har ƙofar gidanta, yashi na ƙas-ƙas a haƙorana, mijinta na zaune a dakali yana tambayata ko sun tashi lafiya.