Hasken da Ya Zo Gida Bai Tarar da Maigida Ba

Na manta abubuwa da yawa tun zuwana Amurka, har da lambar gidan da muka fara zama, amma yammacin da sama ta yi ja a kan Bronx, maigidana kuma yana can wani daji yana neman ta, wannan ko tsufa ya rikita ni ba na jin zai fita daga kaina.

Maigidana direban tasi ne, ya yi shekara da shekaru yana yi. Sai ciwon zuciya ya kwantar da shi, aka yi masa aiki, likita ya ce tuƙin haya ya ƙare. Mutumin da ya saba yini yana faɗa da danja da masu keke ya dawo ya zauna a kujerar falo kamar an ba shi gadinta. Ba ya fita sai masallaci, ba ya magana sai an tambaye shi. Ni kuwa aikin kula da tsofaffi nake yi a gidajensu, na san irin wannan shirun, na kuma san inda yake kai mutum. Na ji tsoro, amma ban san abin yi ba.

Wata rana muna zaune sai ya ce, "Hajiya, kin san tun da muka zo ƙasar nan ban ga Kaza da 'Ya'yanta ba?"

Na ce akwai kaza a firji, 'ya'yan ne dai babu.

Ashe taurari yake nufi. A ƙauyensu, can wajen Kazaure, mahaifinsa ya koya masa sunayensu yana yaro, su Zara da Gamzaki. A unguwarmu ta Concourse Village kuwa in ka ɗaga kai ka ga abu yana ƙyalli, jirgin sama ne. Daga wannan maganar ya sayo kyamara ta hannu da wani ƙarfe mai ƙafa uku da ake ɗora ta a kai, ya shiga ƙungiyar wasu dattawa masu kallon sama. A wajensu ya ji labarin hasken arewa, wanda Turawa ke ce wa orora. Ya yi mini bayani ina yanka albasa: wai rana ce ke tofo wani abu, in ya iso saman duniya sai sama ta kama da launi, kore da ja, amma sai can ƙasashen ƙanƙara ake gani, jefi-jefi ne yake gangarowa kusa da mu. Na ce to, Allah ya gangaro da shi lafiya.

Da farko ina bin shi. Duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara cewa akwai alama, sai mu ɗauki shayi a filas mu nufi bayan gari, inda babu fitilu. Abin da na gani a waɗannan tafiye-tafiyen shi ne duhu, da sanyi, da wata barewa da ta tsaya tana kallon mu kamar ita ma tana son sanin abin da ya kawo mu. Daga baya na daina zuwa. Abokansa na masallaci suka sa masa Sarkin Taurari, in ya fito sai su ce, "Ranka ya daɗe, yau me aka ce a sama?" Yakan yi murmushi ya wuce. Ni ma in sun faɗa ina dariya, don a gaskiya sunan ya zauna.

Ranar da abin ya faru lokacin kaka ne, ganyen itatuwa ya fara juyawa. Tun safe wayarsa ke kuka. Da na dawo aiki da rana na tarar ya shirya tsaf, ya ɗora mini rigar sanyina da safar hannu a kan kujera.

"Yau kam, Hajiya, ba irin na da ba ne. Tashi mu tafi."

Na ce, "Alhaji, tun asuba nake ɗaga tsohuwa ina sauke ta. Ga miya ban kaɗa ba. In ka je ka gaishe da barewar."

Ya ɗan tsaya yana kallon rigar. Na ce me zai hana ya hau saman bene ya duba daga nan. Ya ce a birni ba a gani, fitilu sun kashe sama tuntuni, wannan ko yaro a ƙungiyarsu ya sani. Ya ɗauki kayansa ya fita, ya nufi arewa, can cikin duwatsu, tafiya mai nisa shi kaɗai.

Na idar da magariba ke nan, ina kaɗa miyar kuka, sai aka hau dukan ƙofa. Maƙwabciyata ce, mutuniyar Kumasi, su da ba ruwansu da bambancin ka da ki.

"Hajiya, fito ka gani! Sama ya lalace!"

Mai kula da gidan ya riga ya buɗe ƙofar saman bene, mutane sun cika. Na hau da ludayi a hannu. Da ido, abin kamar an zuba zoɓo a ruwa ne an watsa a gefen sama, ja-ja mai laushi, yana ƙaruwa yana raguwa. Amma duk wanda ya ɗaga waya sai ya yi salati, don a cikin waya jan ya fi na ido nesa ba kusa ba. Wani ɗan Nijar mai shago a ƙasanmu, ɗaya daga cikin masu kiran Sarkin Taurari, ya rantse gobara ce a Yonkers, garin da ke arewa da mu. Wata tsohuwa ta ce a'a, alamar tashin duniya ce, wani ya tuna mata cewa rana dai yamma ta faɗi yau kamar kullum. Yara kuwa suna ta tsalle suna ihu da Turanci, sun riga sun san sunansa.

Ni ma na san sunansa. Na sha jin shi ina yanka albasa. Na tsaya da ludayina, abin da maigidana ya yi wata da watanni yana bi cikin daji ga shi ya zo har gida, a kan tankin ruwanmu.

Na koma gefe na kira shi. Na fara da abin da na saba. "Alhaji, ka sha maganinka?"

"Na sha."

"Me kake gani a nan?"

"Gajimare," ya ce. "Har da yayyafi. Amma wataƙila ya yaye. Wannan hayaniyar fa ta mece ce?"

Na so in ce suna ake yi. Wallahi har maganar ta zo bakina. Mutum mai ɗinki a zuciya, shi kaɗai a bakin hanya cikin daji, ban san yadda zai ɗauka ba. Amma kafin ya iso gida duk duniya za ta gaya masa, gara ya ji daga gare ni.

Na ce, "Ya zo nan. Muna saman bene, kowa yana gani."

Na duba wayar in ga ko ta katse. Ba ta katse ba. Ina jin ƙarar yayyafi a kan rufin motarsa.

Sai ya ce, "Wane launi?"

Na ce ja.

"To sa ni a lasifika."

Na ɗaga wayar, muryarsa ta fito a saman bene, irin muryar da na daɗe ban ji ba, ta direban da ke gaya wa fasinja inda zai tsaya. Ya ce ba gobara ba ce, kowa ya kwantar da hankalinsa. Ya ce a kashe filashi, a jingina gwiwar hannu a katanga, a riƙe numfashi har wayar ta gama ɗauka. Ya ce masu juya baya suna ɗaukar fuskarsu su bari, fuskar tana nan gobe. Ɗan Nijar ɗin nan ya kwanta da cikinsa a kan katanga yana cewa, "To, Alhaji. Haka, Alhaji?" Ni ma na ɗauka yadda ya ce.

Can sai ya ce, "Hajiya, cire lasifikar. Bar ɗaukar haka nan, ki kalla da idonki, ki faɗa mini."

Ni ba mai iya kwatance ba ce. Na ce kamar ruwan da aka wanke lalle. Ya ce ci gaba. Na ce akwai wasu layuka a tsaye, kamar an shanya zannuwa iska tana kaɗa su a hankali. Na ce can ƙasa wajen gadar jirgi akwai ɗan kore kaɗan. Duk inda na tsaya sai ya ce ci gaba. Haka muka yi har jan ya dushe, sama ta koma irin tata ta New York, ba baƙa ba, ba fara ba. Miyata kuwa ta kama ƙasan tukunya.

Bai tuƙo cikin duhu ba, ya kwana a wani ƙaramin masauki. Gajimaren bai yaye ba. Da hantsi ya shigo, takalmansa duk taɓo. Na zuba masa koko, ya sha, sannan ya miƙo hannu na ba shi wayar. Ya daɗe yana duba hotunan. Ya ce na farkon babban yatsana ne, ba hasken arewa ba. Ya ce wani ya karkace. Da ya zo kan wani ya tsaya, ya ce, "Wannan ya yi."

Na ce, "Ka yi haƙuri, Alhaji."

Ya ce, "Ba rashin ganin ne ya dame ni ba. Da gajimaren ya rufe, na juya zan yi magana, sai na ga ba kowa a kujerar gefena."

Na ce ai da na bi shi, da babu wanda ya gani a cikinmu.

Ya ce, "Haka ne. Da mun rasa tare."

Ya wanke hoton ya rataye a falo. Duk baƙon da ya yaba, sai ya ce Hajiya ce ta ɗauka. Tun daga lokacin kuwa, in wayarsa ta yi kuka, ni ke fara haɗa shayi. Har yau bai ga hasken da idonsa ba, ni ma ban ƙara gani ba, kuma har yau sanyin dajin nan bai yi mini daɗi ba.

Abin da na koya shi ne, in naka ya sami abin da ya tayar da shi daga kujera, ba sai ka gane abin ba, ba kuma sai ka yarda za a same shi ba. Ka dai shiga motar.