Kujerar Kaka a Bayan A-kori-kura

Ina aji biyar a sakandare a Zuru malaminmu na fiziks ya shigo da mangwaro ɗaya. Ya ɗora shi a kan littafi, ya ruga da littafin har tsakiyar aji, ya tsaya cak. Mangwaron bai tsaya ba, ya wuce ya faɗi ƙarƙashin benci. Muka yi ta dariya. Ya ce duk abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai an sa ƙarfi an tsayar da shi, kuma gwargwadon nauyinsa da gudunsa, gwargwadon ƙarfin da zai ci. Ban ɗauki maganar da wani muhimmanci ba. Ni dai na so a ba ni mangwaron.

Da aka gama girbi, kawuna, wanda tsohon soja ne, ya ɗauko a-kori-kura muka je ƙauye kwaso dawa, mu taho da Kaka ta yi Kirsimeti a gari. A wurinmu idan an loda buhuna, akan bar ɗan fili tsakanin kaya da bayan direba. Wurin tsofaffi ne, iska ba ta dukansu, ba sa faɗowa. Nan aka ajiye wa Kaka 'yar kujerarta ta katako, ta zauna ta miƙe ƙafa. Gaba kuwa ba ta shiga, warin fetur yana tayar mata da zuciya.

Na tsaya ina kallon buhunan nan, hawa huɗu, babu igiya ko ɗaya. Na tuna gangaren da ke gabanmu.

Na ce, "Kawu, a ɗaure kayan nan, ko Kaka ta koma gaba."

Ya ce, "Mi ka ce?"

Na maimaita, na ƙara da labarin mangwaro, wanda shi ne wautar da na yi. Direba ya fashe da dariya. Kawu bai yi dariya ba. Ya ce tun ba a haife ni ba ake zaunar da uwarsa a nan, dawa ba ta taɓa tashi ta yi tafiya ba. Ni kuma ina da taurin kai tun ina ƙarami. Na je gaban mota na tsaya, na ce sai dai a bi ta kaina. Marin da Kawu ya yi mini har yau ina jin ƙararsa a kunnen hagu.

Kaka ce ta raba mu. Ta ce, "Ku bar mini maigidana. Boko ya sha mai kai. Kama ni in sauka." Ta shiga gaba tana toshe hanci da bakin zane. Kawu ya hau can ƙarshen kaya kusa da ni, muka riƙe ƙarfen gefe. Ya ce idan mun isa gida lafiya zan yi bayani.

Muka kama hanya. Babu abin da ya faru. Kujerar tana zaune a filinta, tana ɗan rawa. Ina jin kunyar faɗa, amma sai da na kama kaina ina fatan wani abu ya faru don kada in sha duka a banza.

A gangaren, mota ta fara ƙara gudu da kanta, itatuwa suna wucewa da sauri fiye da ɗazu. A kwana sai ga shanu sun cika hanya. Direba ya taka burki iya ƙarfinsa. Motar ta tsaya. Buhunan da ke ƙarƙashinmu suka zame gaba gaba ɗaya, suka daki bayan direba har gilashi ya tsage. Hannuna ya goge a jikin ƙarfe, jini ya fito.

Kaka ta fito tana amai a bakin hanya, tana zagin direba. Kawu bai je wurinta ba. Ya shiga janye buhuna shi kaɗai har ya kai ƙasa. Ya ɗago ƙafar kujera guda, sauran duk ta farfashe. Ya miƙo mini ita ta bayansa.

Ya ce, "Ɓoye. Kada ta gani."

Har muka shiga Zuru Kaka tana tambayar kujerarta. Na ce mata ta faɗi a hanya.