Yatsa Bisa Leɓe

Ɗakin direba a gidajen Riyad ba don iyali aka gina shi ba. Namu yana manne da ƙofar wani gida a unguwar Badi'a, tagarsa ɗaya ce tak, can sama, ita ma na'urar sanyaya ɗaki ta cinye rabinta. Nan maigidana ya kawo ni ina goye da 'yarmu ta fari, lokacin bakinta ya fara buɗewa, tana cewa "Baba" da "ruwa". Kafilinsa, wato Balaraben da ya ɗauke shi tuƙi, mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Shi ya tsaya har na samu izinin zama, ni kuma ina taya matarsa aikin kicin. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mana. Mahaifiyarsa tsohuwa ce mai fama da ciwon kai, bango ɗaya ya raba ɗakinta da namu, ba ya so ta ji kukan yaro.

To jama'a, wa ya taɓa hana 'yar shekara biyu kuka?

Ranar da tsohuwar ta fara ƙwanƙwasa bango da sandarta, sai na shiga neman abin da zai rufe bakin yarinyar. Akwai wata tsohuwar waya da 'ya'yan gidan suka yar, maigidana ya tsinto. Na kunna wa yarinyar zanen nan masu tsalle-tsalle, na ɗora yatsa bisa leɓena na ce "shhh", na miƙa mata. Tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke. Wallahi har addu'a na yi wa wanda ya ƙera abin. Daga ranar ya zama tsarinmu: yatsa a leɓe, sai waya. In zan shiga kicin na ba ta, in na fito a gajiye na bar mata.

Akwai masu cewa me ya hana in zauna in yi ta hira da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta zama tana surutu da shi. Ni ma 'yar fari ce, har na yi aure ban taɓa jin sunana a bakin innata ba, daga "ke" sai "waccan". Amma ban rasa komai ba, don kakata ce ta koya mini magana da zolaya da tatsuniya, gwaggonnina kuma suna karɓa ta hannu-hannu. Wannan kunyar na ƙunso a akwati na kawo ta ɗakin da babu kaka, babu gwaggo, babu ko kazar maƙwabta. Kunyar wa nake ji? Ta bango? Oho, haka dai na tashi na gani, bakina ba ya iya ɗaukar sunanta.

Babanta kuwa sai dai mu ji tashin mota. Ya kai yara makaranta, ya kai ubansu unguwar Ulaya, ya dawo ya ɗauki uwar zuwa kanti, ya yi ta zaman jira a mota. Waje kuma da bazara ba wurin mutum ba ne, ƙofar ƙarfen kanta sai ka sa gefen mayafi kafin ka taɓa ta. Ba tsakar gida, ba zaure, ba yaran unguwa. Titi ne da motoci da katangu masu tsayi.

A hankali kalmomin da ta zo da su suka zube. "Ruwa" ya ɓace, sai dai ta ja hannuna zuwa firiji. "Baba" ma ya bi shi. Abu ɗaya ta ƙware a kai: ta zo gabana, ta ɗora yatsa bisa leɓenta, ta miƙo ɗaya hannun. Da farko dariya nake yi, ina cewa ji 'yar nema ta iya ciniki. Da wayar take cin abinci, da ita take barci. In caji ya ƙare, igiyar gajeriya ce, sai ta durƙusa gindin bango kusa da soket, kamar akuya a turke. Ta haura shekara huɗu a haka, dariyata ta ƙare, tsoro ya maye gurbinta.

Muka kai ta asibitin unguwa. Likitar ta duba ta ce kunnuwanta garau suke, harshenta ma lafiya. Ta tambaye ni da wa yarinyar take magana a gida. Ta ce, "Ki karɓe wayar nan, ki riƙa yi mata magana." Na ce to. A raina na ce, baiwar Allah, ke ba ki san bangonmu ba.

Duk da haka na gwada. Da safe bayan babanta ya fita na tura wayar cikin buhun shinkafa. Ta zo ta sa yatsa a leɓe, ta miƙo hannu. Na ce babu. Ta sake, na ce babu. Kai! Ashe muryar tana nan, ajiye ta ta yi. Ta ƙwalla ƙarar da ban taɓa ji ba, ta faɗi tana buga kai da ƙasa. Sanda ta fara aiki a bango. Na toshe kunnena na ce yau ko ni ko tsohuwar nan. Kafin azahar sai ga maigidana ya shigo afujajan, kafili ya kira shi.

"Ke, so kike a tattara mu a kai filin jirgi?" ya ce. "Kin san bakuna nawa ke ci daga motar nan a gida?"

"Malam, 'yarka ba ta magana."

"Na sani. Ina wayar?"

"Ba ta magana, na ce maka!"

Ya bi inda idona ya kalla, ya tura hannu cikin shinkafar da kansa, ya zaro, ya hure ta. Ya miƙa wa yarinyar. Gaba kura baya sayaki: in ta yi kuka mun rasa wurin zama, in ta yi shiru mun rasa ta.

Da sanyi ya shigo, wata Juma'a masu gidan suka yi tafiya suka bar masa motar. Na ce ya kai mu inda babu bango. Bayan la'asar muka nufi kwarin nan na gefen Dir'iyya, inda iyalai ke shimfiɗa dardumai a ƙarƙashin dabinai, ana gasa nama ana zuba shayi. Yara kuwa ko'ina, suna guje-guje, suna ihu iya ƙarfinsu, ba mai ce musu kanzil. Na ji kishin iyayensu. Wayar tana can ƙasan jakata, na zuge zif.

Yarinyar ta zauna a bakin darduma, ta juya wa filin baya, tana kallon tayar mota. Babanta, mutum da girmansa, ya tattare jallabiya yana tsalle a gabanta kamar biri, ko kallonsa ba ta yi ba. Na ce, "Ke, tashi ki yi gudu! Yi ihu! Nan ba tsohuwa, ba sanda!" Shiru.

Sai na ce kunya ta ci gidansu. Na miƙe tsaye, a gaban ubanta, a gaban Larabawa da kowa, na buɗe baki na kira sunanta. Shi ne ya waiwayo a firgice, don bai taɓa jin sunan a bakina ba. Ita ba ta motsa ba. Na sake kira, da ƙarfi, har maƙogwarona ya yi zafi, hawaye na zuba.

A nan ta juyo. Ta kalli bakina a buɗe, ta waiga hagu da dama a tsorace, tana neman bangon da za a buga. Ta taso da gudu, gudun da na roƙa, ta ja abayata har na durƙusa. Na buɗe hannuwa zan rungume ta. Sai ta ɗora ɗan yatsanta bisa leɓena ta ce, "Shhh."

Sannan ta miƙo ɗaya hannun.