Haɗin Mai Jego

Ranar kasuwar Ƙaraye akwai wani mai magani da ke ɗora lasifika a kan motarsa. Maza yake kira. "Ina manoman gyaɗa? Cokali ɗaya, ka yi huɗa har la'asar bayanka bai ce uffan ba." Sai su kewaye shi suna dariya. Wani ya ce, "Malam, fara sha mu gani," ya kuwa sha a gabansu. Wanda bai saya ba ya kaɗe rigarsa ya wuce, ba abin da ya ragu a jikinsa.

Namu tallan ba ya zuwa da lasifika. Matar mai maganin ce, dillaliya, ke shigo da shi gida a cikin jaka, bayan maza sun tafi gona.

A lokacin Yayata ta zo gida wankan jego daga Ruwan Bago, inda take aure. Haihuwar fari ce, mace. Ana gab da arba'in dillaliyar ta yi sallama, ta yi barka, ta ɗauki jaririyar ta yaba. Sannan ta dubi Yaya ta rage murya.

"Mai jego, haka za ki koma masa? Ruwan zafi ya dafe ki kamar gindin tukunya."

Yaya ta yi dariyar yaƙe, ta ja zane ta rufe kafaɗa.

"Ni dai tausayinki nake ji. Namiji ido gare shi, ba zai faɗa miki ba."

Ta zaro wata 'yar kwalba. Man haɗi, in ji ta, a shafa safe da yamma, fuska har ƙirji, kuma kada mai gida ya sani, don ya ga abin mamaki. Inna ta miƙo mini. "Ke da kika yi boko, karanta mana." Na juya kwalbar ta ko'ina. Ko harafi ɗaya babu. Na faɗa musu. Matar ta ce, "'Yar nan, ai sirri ba a rubuta shi."

Fuskar Yaya ta washe, har maƙwabta suna tanka mata. Daga baya kuncin jaririyar, ɓangaren da take jinginawa in tana shan nono, ya yi ja. Ya tashi ƙuraje, ya fara saɓulewa. Ta daina kama nono, kukan ma ya koma kamar na mage.

Ni na riƙe ta a kan babur zuwa asibiti. Har yanzu ina tuna zafin jikinta a hannuna. Malamar asibiti ta tambaye mu me ke cikin man. Muka dubi juna. Ta taga ina jiyo lasifikar nan, da shewar maza.

Baba ya je ya tari mai maganin. Mutumin ya ce shi a fili yake sayar da nasa, kowa shaida ne, harkar mata kuwa bai san ta ba.

An sallame mu da tabo a kuncin yarinyar, aka ce wataƙila ya baje, wataƙila a'a. Fuskar Yaya kuma da ta bar man sai ta yi dabbare-dabbare, ta fi da duhu.

Jiya dillaliyar ta dawo jaje. Ta ce tana da wani haɗin da ke goge wannan dabbare-dabbaren. Na buɗe baki, ban san wa zan fara roƙo ba. Yaya ta riga ta miƙa hannu.