Dodon Ya Jira, Akuya Take Nema

A ɗakin jira na tashar jirgi, wata dattijuwa ta zamo da tabarau kan hanci, yatsunta masu kanta suna danna na'urar wasa. Tsohon wasan jarumta ne da aka sabunta, aka cika shi da ƙananan aike-aike. 'Yarta mai goyo ta leƙo.

"Mama, dodo zai cinye duniya, ke kina nema wa manomi akuyarsa? Ki wuce babban yaƙin mana!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ina jin ta shekara talatin ana ce mata yi sauri.

"Dodon ya jira," in ji ta. "Duk rayuwata aiken wasu nake yi a guje. Wannan kam ni na ga dama."