Dubu Ɗaya da Tara a Tsakar Gidanmu

Duk faɗin Kagoro, daga gindin dutse har hanyar Kafanchan, ba a taɓa haifar mai lissafi kamata ba. Na fara gane haka ne a aji biyar, wata Juma'a lokacin haƙar citta, da Malam Yohanna ya rubuta 1009 a allo. Ya ce wannan lamba mai taurin kai ce, daga ɗaya sai ita kanta kawai ke raba ta daidai. Ya ɗaga sabuwar ƙwallon fata, ya ce, "Wanda ya raba ta babu saura, ƙwallo tasa ce." Mu da muke buga lemun tsami da ƙullin tsumma, har miyau muka haɗiya. Na miƙe na ce a ajiye mini, Litinin zan zo ɗauka.

Ran Asabar, da Mama ta tafi gonar citta, na sauke tukunyar irin gyaɗarta, na shimfiɗa buhu a ƙarƙashin mangwaro, na ƙirga dubu ɗaya da tara har idona ya fara ganin biyu-biyu. Na tara yaran unguwa, na fara rabo kashi-kashi yadda mata ke kasa tumatir a kasuwa. Kashi biyu, ɗaya ta rage. Kashi uku, ɗaya. Huɗu ma haka, shida ma haka, wata 'yar gyaɗa tana zaune gefe tana kallona kamar mai jiran mota. Kaji suka kewaye mu, zufa ta cika kunnena, ƙanwata Rifkatu tana tsugune kusa da buhu wai tana kore su. Da na raba kashi bakwai, sai na duba gefe, wayam. Na yi tsallen da na tabbata an hango ni daga Manchok.

Litinin na shiga aji ina tafiya kamar limamin coci ranar Kirsimeti. Malam ya tambayi nawa ke cikin kowane kashi, na ce ɗari da arba'in da huɗu. Ya ninka da bakwai a allo, 1008 ta fito. Ya juyo a hankali ya ce, "To ina ɗayar?" Ƙwallo ta koma kwaba, Mama kuma ta tarar da irinta ya sha hannun yara bakwai.

Yanzu 'yata na nuna mini a waya cewa na'ura ta samo irin waɗannan lambobi masu tsawon da ba za su shiga allon Malam ba, amma babu wadda ke ƙanshin gyaɗa, kuma mangwaron nan an sare shi. Ina kewar wancan tsakar gida. Kirsimetin bara ina ba yara labarin yadda na kusa girgiza duniyar lissafi, sai Rifkatu ta ɗago daga wanke-wanke ta ce, "Yaya, duk ƙwaƙwalwar nan taka gyaɗa ɗaya ce, kuma ni na cinye ta."