Talatar Na Tsakiya

Su uku Inna ta haifa, duk maza. Babban ya gaji shagon katakon mahaifinsu tun gemu bai fito masa ba. Auta aka saka a makaranta har ya zama lauya. Shi kuwa na tsakiya, ba wanda ya taɓa zama ya yanke masa komai. Wata rana dai aka aike shi gareji da saƙo, ya tarar ana kwance inji, ya tsaya kallo. Shekara talatin ke nan, bai gama kallon ba.

A garejin kamfanin motocin haya Kunne suke ce masa, don sai ya ɗora tsinin sukudireba a jikin inji, ya kafa kunne a mariƙin, ya faɗi inda ciwon yake kafin a kwance noti ɗaya. Yanzu gwiwa ta fara gardama. Shiga ƙarƙashin mota aiki ne, fitowa ta fi.

Sai shugaban makanikai ya yi ritaya. Manaja ya kira Kunne ya ce kujerar tasa ce, in dai zai riƙa zama taron safiyar Talata, inda ake rabon aikin mako. Talata kuwa ita ce ranar da yake kai Inna asibiti a duba mata ƙafa, shekara huɗu ba fashi.

Ya tara 'yan'uwansa a ɗakin Inna ya gaya musu. A gidan nan babba ke fara ba da amsa, haka suka taso. Yaya ya yi doguwar addu'a, ya taya shi murna, sannan ya ce Talata ake sauke masa katako. Kafin Kunne ya gyara murya Auta ya karɓe, kamar yadda ya saba tun yana kan cinya. Ya ce kotu ba ta san uzuri ba, amma zai riƙa turo direba.

"Direban ne zai goya ni ya hau bene?" in ji Inna, tana nuna Kunne. "Wannan shi ya san inda ake riƙe ni."

"To, kun ji," Yaya ya ce, yana laluben takalminsa da ƙafa. "Kai kana da abin cewa?"

Kunne ya dubi tafin hannunsa, baƙin mai ya zauna a kowane layi. Tun a hanya ya tsara maganarsa, har da wanda zai ɗauki wace Talata a wata. Ya ce ai an riga an faɗa.

Washegari ya sami manaja ya ce a duba wani. Manaja ya ce ya yi tunani zuwa ƙarshen mako, Kunne ya ce ya gode, ya riga ya yi.

Aka ba da kujerar ga wani da shi ya koya masa riƙon sifana. Kunne ya goge hannunsa da tsumma ya je ya yi masa murna. Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, sannan ya nemi izinin safiyar Talata.